Turmin Inna Yalwa

A tashar Filinge masu shayi sun ce ɗan Inna Yalwa zai rushe tsohon ɗakinta ya gina na siminti, shi ya sa take ta rabar da kaya. Sun ce komai ya tafi, sai turmi ɗaya da ya gagare ta. Rashida, baƙuwa daga Sanam, tana jiran mota sai tsohuwar ta gangaro mata shi.

"Ɗiyata, ɗauki, na ba ki kyauta."

"Allah shi saka, Inna. Dama nawa ya tsage."

"Mi za ki daka ciki?"

"Hatsi mana."

"Hatsi ya yi mai nauyi, ya tsufa."

"To, yaji."

"Yaji? Uwata ba ta taɓa sa mai yaji ba."

Rashida ta dubi turmin, ta dubi tsohuwar. "To, in aje shi kawai?"

"Ajiya ai ni ma na iya. Wurin ne babu."

"Inna, ban gane ba. Ba ni kinka yi, ko hana ni?"

"Na ba ki. Ɗauki, mota za ta tashi."

Rashida ta sunkuya ta kama bakin turmin ta ja, bai motsa ba. Ashe tsohuwar ta take gindinsa da ƙafa.

"Inna, ƙafarki."

Yalwa ta dubi ƙafar kamar ba tata ba.

"Yi mani gafara, ɗiyata, na ɓata maki lokaci. In kinka tafi da shi, ba sauran abin da hannun uwata ya taɓa a gidana."