Baƙin Mayafi a Kan Kwamfuta

A tashar Zuba, cikin motar Kaduna da ke jiran cika, Malam Badaruddeen ya lulluɓe fuskar kwamfutarsa ta hannu da baƙin mayafi, yana karatu ta cikinsa. Wata fasinja mai suna Rosemary ta kasa haƙuri.

"Baba, sanyi take ji ne?"

"Haske ne, 'yata. Ya ƙi raguwa, ni kuma an yi mini aikin ido. Masu gyara sun ce sai an goge Linux, babbar manhajar da ke ciki. Na ce wallahi ba su isa ba!"

"Don me, Baba?"

"Ɗana ne ya sa da hannunsa. Bara ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Kawo in gani, tawa ma ta yi haka. Layi ɗaya ake ƙara mata a tsarin da take tashi da shi."

"Ba za ki taɓa hotunansa ba?"

"Ko ɗaya."

Ta rubuta, ta kashe, ta kunna. Ya ja hasken da yatsa, sai ga shi ya sauka. Ya juyo ya dube ta.

"Wa ya koya miki?"

"Wani ne ya rubuta a intanet don kowa ya amfana. Ko sunansa bai sa ba."

"To, ke da shi kun shiga addu'ata."

"Ai ba ka san sunansa ba, Baba."

Ya ninke mayafin, ya sa a aljihu.

"Wanda zan roƙa ya sani."