Rakiyar Tarwada

SIDDIƘA: Assalamu alaikum. Kalilu?

KALILU: Wa alaikumus salam. Yaya Malama, ina kwana?

SIDDIƘA: Lafiya lau. Ka tashi lafiya? Yaya iyali?

KALILU: Duk lafiya, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

SIDDIƘA: Da sauƙi. Tana kai ni masallaci ta dawo da ni, ban nemi fiye da haka a wurinta ba. Yaya mutanen Tsamiyar Kwari?

KALILU: Suna nan ƙalau. Ya Daura? Kun samu ruwa?

SIDDIƘA: Yayyafi ne, ko ƙasa bai jiƙa ba. Mene ne wannan gurnani da nake ji a bayanka?

KALILU: Na'am? Wa ya yi bayani?

SIDDIƘA: Gurnani na ce, a bayanka. Matsa inda za ka ji ni.

KALILU: Au, ruwa ne, Yaya. Kogin Marke ya kawo da safen nan. Ina tsaye ne a bakin madatsa, wajen ɗakin injin wuta.

SIDDIƘA: Ruwan farko ke nan.

KALILU: Shi ne. Ja wur, da karmami da kashin shanu, yadda kika san shi.

SIDDIƘA: To me ya kai ka can, ka bar gona ranar shuka?

KALILU: Ba komai. Na zo dai in duba.

SIDDIƘA: Kalilu, ni na goye ka. In ka ce ba komai, akwai komai.

KALILU: Tarwada ce, Yaya. Sun hawo. Ga su nan gindin katangar madatsar, sun taru maƙil, sun rasa ta inda za su wuce. Da kin ga bayansu, sai ki ce baƙin zane aka shimfiɗa a kan ruwa ana kaɗawa. Wata ta yi tsalle ta bugi siminti ta faɗo, wata ta biyo ta. Duk cikinsu ƙwai ne.

SIDDIƘA: Su wa ke wurin ban da kai?

KALILU: Samari, da komarsu ta kamun kifi. Jira suke in ce bismillah. Sun ce tunda Baba ya rasu ni ne Sarkin Ruwa, bakina suke kallo. Kuma sun ce ko an bar su mutuwa za su yi in ruwa ya ja.

SIDDIƘA: Kai me ka ce?

KALILU: Ban ce komai ba tukuna. Kin san bara da muka yi kamun kifi a Tafkin Gabas, gari guda ya shiga ruwa, kwaɗi muka fito da su. Mutane na cewa mutanen ruwa ne suka yi fushi da hasken lantarki, suka kwashe kifinsu. To in tafkin ya riga ya mutu...

SIDDIƘA: Tsaya nan. Wannan magana ta iso ni har Daura, kuma duk wanda ya kawo mini ita sai na gyara masa. Ba haka abin yake ba. Babu aljanin da ya ɗauki kifi. Tafkin Gabas bai taɓa mallakar kifi nasa na kansa ba, baƙi yake saukewa. Daga ƙasan kogi suke tasowa, daga manyan guraben da ba sa ƙafewa, su bi ruwan farko su hau, su zuba ƙwai cikin ciyawar fadama, 'ya'yan su girma a tafki. Abin da kuke kamawa da rani, 'ya'yan waɗannan ne da ke dukan katanga a gabanka. An gina bango a kan hanyar baƙo, sannan ana mamakin ɗaki ya zama kango.

KALILU: Ai da za a gina, masu aikin sun ce za su yi wa kifi wata hanya a gefe, kamar matakala.

SIDDIƘA: Sun yi?

KALILU: Sun dai auna wurin.

SIDDIƘA: To.

KALILU: Amma Yaya, kada ki sa ni faɗa da wutar nan. Ɗana Sabiru a ɗakin injin yake aiki. Asibitinmu ya daina karɓar haihuwa da tocila. Ko wayar da nake magana da ke...

SIDDIƘA: Wa ya ce ka yi faɗa da wuta? Na yi shekaru ina duba aikin ɗalibai da fitilar ƙwai har idona ya lalace, ba ni zan zagi lantarki ba. Maganar matakala kuwa, za mu bi ta a hankali har a yi. Amma wannan ta gobe ce. Na gabanka ba za su kai gobe ba. Ka tuna rakiya?

KALILU: Wace Rakiya? Ta gidan Liman?

SIDDIƘA: Ba mutum ba. Rakiyar kifi. Kai ƙarami ne lokacin, a bayana kake. Daidai inda aka dasa katangar nan, duwatsu ne a da. Shekarar da ruwan farko ya zo da ƙaranci, kifi kan maƙale a ƙarƙashinsu. Sai Baba ya hana kowane namiji taɓa koma, ya aika a gaya wa mata. Inna ce kan gaba, ta ɗaure zane a ƙirji, da babbar ƙwaryarta ta fura.

KALILU: Mai ɗinki a baki?

SIDDIƘA: Ita. A ɗebi ruwa, a sa kifi, a ɗora a ka, a hau duwatsu, a sauke a sama. Ba mai magana da ƙarfi, wai kada a firgita masu ciki. Ban san wa ya fara ba, Inna ma ba ta sani ba. Ranar da aka fara ba ni ƙwarya, guda ɗaya aka sa mini. Ina tafe ina jin ta tana juyi a bisa kaina, a hankali, kamar wani ne ke tunani a madadina. Ruwa na zubo mini ta wuya, mai ɗumi, yana warin sabuwar ƙasa. Da na sauke ta ba ta tafi nan da nan ba. Ta tsaya a tsakanin ƙafafuna, gashin bakinta na shafar idon sawuna, sannan ta shige ciyawa. Har yau in hadari ya haɗo, nakan ji nauyin ƙwaryar nan a wuyana.

KALILU: Ikon Allah. Ni kuwa abin da nake tunawa kawai ƙafafun mata cikin jan ruwa, da wani sanyi a kumatuna. Na ɗauka mafarki ne.

SIDDIƘA: Ba mafarki ba ne. Jelar kifi ce ta watsa maka ruwa, ka yi ta kuka har gida.

KALILU: Amma Yaya, duwatsu daban, katanga daban. Wannan sai an zagaya ta bayan ɗakin injin, an hau tudu. Kuma yawansu... ko rabi ba za mu kai ba.

SIDDIƘA: Inna ma ba ta taɓa kai rabi ba. Tarwada guda, ƙwan da ke cikinta ya fi mutanen garinku yawa.

KALILU: Samarin nan dariya za su yi mini. Sarkin Ruwa da kifi a ka, yana kai shi inda ba tukunya.

SIDDIƘA: Su yi. Da rani in sun shiga tafki ka tambaye su dariyar. Ka ba su na cefane daga waɗanda suka riga suka jikkata, sauran kuwa ka hana. Sabiru ya buɗe muku ƙofar shingen waya ta baya, hanyar ta fi kusa.

KALILU: To matan fa? Kafin in koma gari in bi gida gida, rana ta take, ruwa ya fara... tsaya. Yaya, tsaya. Wasu na gangarowa ta wajen tsamiya.

SIDDIƘA: Su wa?

KALILU: Mata ne. Da bokitai, da robar wanki. Matata Maijidda ce a gaba. Wallahi ƙwaryar Inna ce a kanta, mai ɗinkin. Wa ya gaya musu?

SIDDIƘA: Ita na fara kira kafin in kira ka. Tun da safe ta ce mini ka fita ba ka karya ba, wai tarwada sun taru a madatsa.

KALILU: Wato duk tambayoyin nan da kike yi mini...

SIDDIƘA: Ina so in ji daga bakinka ne. Su ba za su shiga ruwa ba sai ka hana koma, haka tsarin yake. Katina ya kusa ƙarewa, saurara da kyau. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa su. Ka tallafe ta ƙarƙashi, kada ka matse cikin, ka kula da ƙayar gefe. Kada a cika ƙwarya. In an kai sama a nutsar da ita a bar su su fita da kansu, ba a juyewa.

KALILU: To, Yaya. In an gama zan kira in...

SIDDIƘA: Kada ka kira. Sa wayar a aljihu, ka naɗe wando, ka fara da babbar cikinsu.