Farar da Gogo Ba Ta Gama Faɗa Wa Malam Dalhatu Ba

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Liman, 'yan'uwana malaman makaranta na Dutsin-Ma da Kurfi, Hajiya Rabi'atu da 'ya'yanki, sannunmu da wannan rashi.

Wallahi na gaji da tsayuwa a irin wannan taro. Bana wannan ne na huɗu.

Malam Dalhatu ya kasance malamin Turanci shekara talatin. Ya kasance mai son bin salsalar suna, musamman na ƙwari. Shi ya gaya mana sunan gizo-gizo a Turanci daga kaɗin zare ya fito, na sauro kuma aro ne daga Sifaniyanci, ma'anarsa ƙaramin ƙuda. Har mukan ce, "Malam, a bar mu mu sha shayi mana!"

Wata rana matarsa Hajiya Rabi'atu ta ce masa, "To Malam, ka san na Turawa. Buzuzu fa, wa ya raɗa masa?" Hajiya, tambayarki ce ta ɗora shi bayan babur ɗina shekara goma sha ɗaya, daga Dabawa zuwa Kutawa, yana tsugunawa gaban manoma da makiyaya, littafinsa a hannu, yana tambayar asalin sunayen ƙwari na Hausa. Bayana har yau bai yafe mini ba.

A ƙauyen Ɗantutture muka samu Gogo, tsohuwar da ta san sunan fara iri goma sha bakwai, da dalilin kowane. Amma da sharaɗi. Ta ce, "Ɗan nan, ba na kiran sunan abin da ban gani ba. Kawo ta da rai, a lokacinta." Haka ya riƙa bin gona da kwalba, damina bayan damina. Tara ya samu.

Jama'a, saura takwas, kuma Gogo ta haura tamanin. Ni gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni. Abdullatif, Hafiza, littafin babanku yana hannuna, amma ba zan iya cika shi ba.

Har yau mun kasa gaya wa Gogo ya rasu. Shekaranjiya ta aiko jikarta, wai a ce wa Malam gero ya nuna, fara ta sauka, ita kuma ba ta da alkawarin baɗi.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Dalhatu, Ya sa ya huta, Ya ba iyalinsa dangana. Allah Ya ba ɗayanmu ƙarfin zuciyar zuwa Ɗantutture kafin a girbe. Amin.