Ganyen Jegon Matar Delege

Salamu alaikum mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ce Hajara mai ganye, daga Zangon Kwatano.

Mu matan unguwa muna noma wata gona a hanyar Seme. Tun zamanin iyayenmu ba ma taɓa kurmin da ke bakinta, don a nan muke samun ganyen wankan jego da maganin zazzaɓin yara. Bara, ranar aikin gayya, delegen unguwarmu, wato wakilin hukuma, ya kwashi samari suka sare shi tas, suka cinna masa wuta. Na ce, "Malam, maganin 'ya'yanmu ne fa." Ya ce, "Ba Malam ba, Kamarad za ki ce, wato abokin gwagwarmaya. Juyin juya hali masara yake so, ba daji ba."

Masarar ba ta yi ba. Ƙudan zuma sun gudu, kabewarmu sai fure, ba 'ya'ya.

Makon jiya matar delegen ta haihu, ya aiko ba kunya wai in taimaka da ganye. Na cika ƙwarya da toka, na ce a gaya masa abin da ya bar mana ke nan.

Liman ya ce na yi laifi. Mai jegon dai na kai mata busasshen ganyen da na ajiye, ba ita ta ƙyasta ashana ba. Masu sauraro, ku faɗa mini, shi delegen wa zai yi masa wa'azi?