Asibiti Bai San Abba Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da sauran ma'aikata. Ni tela ne daga Makoda. Shekarun da hatsi ya yi tsada na tafi Jidda daga ni sai almakashina, ba wanda ya ɗauki nauyina, yau kuwa alhamdu lillahi ina da shagon kaina.

A can ɗakinmu ɗaya da wani mutumin Kunci, kowa Abba yake ce masa. Wata rana mota ta buge shi, aka kwashe shi sai asibiti. Ni da abokan zamanmu muka yi ta bin asibitoci muna cigiyar Abba, ana cewa mu kawo sunan da ke fasfo, fasfon kuwa yana hannun ubangidansa. Ka ji fa, kwano ɗaya muke ci amma ba wanda ya san sunansa na yanka!

Da ƙyar muka samo lambar mahaifiyarsa. Ta ce, "Ɗan nan, sunan surukina ne, bakina bai taɓa faɗarsa ba." Tana kuka ta miƙa wa ƙanwarsa wayar, ita ta ce mana Isiyaku. Da muka same shi ƙafa a ɗaure, sai ya ce, "Tela, na ɗauka kun yar da ni."

Don Allah masu shirin fita, ku bar wa abokin zama hoton fasfo da biza da lambar gida. Asibiti da banki ba su san laƙabi ba.

A gaida mini Inna mahaifiyar Abba a Kunci, da shi Abba, wanda har gobe bakina bai saba da Isiyaku ba.