Tsohon Mai Haska Fim a Layin Tiyata

A ɗakin jira na asibiti, wani dattijo da wata mata suna kallon tsohon fim a talabijin.

"Kin ga fim, 'yata! An kashe attajiri, an ɓoye zinariya, amma ɗan sandan cikin nan sai barkwanci yake."

"Wallahi ya iya, Baba. Kukun attajirin ne ya yi kisan, ko?"

"Shekara goma ina haska shi a silima. Mai haskawa ba ya faɗin ƙarshe."

Nas ta kira dattijon zuwa ɗakin tiyata. Ya miƙe.

"Ki kallar mini. In na fito ki ba ni labari."

"Ba ka san ƙarshen ba?"

"Na sani. So nake in fito in tarar da mai jirana."

"Je ka, Baba. Ina nan."