Mutuwar Takarda a Ƙofar Jami'a

Wani tela da wani malamin makaranta suna zaune a benci, 'ya'yansu na ciki ana tantance masu neman shiga jami'a.

Tela ya ce, "Malam, ɗari biyar ke nema, goma za a ɗauka. An ce suna tausayin marayu, shi ne 'yata ta rubuta na rasu."

"Subhanallahi! Da ranka?"

"Mutuwar takarda ce. Naka fa?"

Malamin ya gyara tabarau. "Ni bai kashe ni ba. Cewa ya yi na gudu tun yana goye."

"Gara ni, ko addu'a na samu."

Ƙofa ta motsa, tela ya rage murya.

"In an tambaya, ni kawunta ne."

"Ni kuma direba."